Jan Ƙyalle a Hannun Dama

An ce a zamanin da, tun ƙasa tana da faɗi, tafiya tana da nisa, an yi wani sarki mai suna Tunau a wani birni mai doguwar ganuwa. Sarki ne mai haƙuri, mai jin magana har ƙarshenta, talakawansa kuwa suna son sa. Amma yana ɗauke da wani asiri wanda da ya fito fili, da a ranar za a tuɓe masa rawani: idonsa ba ya raba ja da kore.

Ba makaho ba ne. Yakan hango shaho a sama kafin kowa, yakan gane mutum daga tafiyarsa tun yana nesa. Shuɗi yana ganin sa, rawaya haka, fari da baƙi kuwa ba a magana. Sai dai in aka ajiye masa ja da kore, sukan zo masa da kama ɗaya, wani launi ƙasa-ƙasa irin na busasshen ganye. A ƙasar kuwa akwai doka tun ta kakanni, cewa mai aibi a ido ba ya hawa gadon sarauta, komai ƙanƙantar aibin.

Mutum ɗaya ne ya san wannan, shi ne Waziri Anaruwa. Nono ɗaya suka sha, domin mahaifiyar Tunau ta rasu yana jariri, uwar Anaruwa ta haɗa shi da ɗanta ta shayar. Wata rana suna yara suka hau magarya, Tunau ya cika aljihu da ɗanyu yana murna ya tsinko nunannu. Anaruwa ya leƙa aljihun, ya dubi fuskarsa, ya juye masa nasa ya karɓi ɗanyun. Tun daga ranar ya zama idonsa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Abin da ya ƙara wa asirin nauyi shi ne wata al'ada ta fadar. Bakin sarki ba ya furta kisa. In shari'a ta kai ga rai, bayan an gama jin shaidu, sai Waziri ya kawo faifai ɗauke da ƙyalle biyu, ja da kore, ya ajiye a gaban sarki. In sarki ya ɗaga kore, an yafe. In ya ɗaga ja, sai a tsare mai laifi har Juma'a ta wuce don ya sami damar tuba, sannan a miƙa shi ga hauni. Abin da hannun sarki ya ɗaga kuwa ba ya sauka, ko da shi sarkin ne ya so ya sauke.

Shekaru da yawa wannan bai hana Tunau barci ba, saboda ƙyallayen tsofaffi ne. Jan ya yi duhu kamar hanta, koren ya koɗe ya yi haske kamar sabon toho. Ba launinsu yake gani ba, nauyinsu yake gani: mai duhu mutuwa, mai haske rai.

Ana nan, ran nan fada ta cika, sai Waziri ya faɗi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙyallayen nan sun ga sarakuna da yawa. Jiya na duba, har ɓera ya fara yi musu tasa shari'ar. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe, bai kamata su ga ran mutum rataye a tsumma ba. A ba ni izini in sa a yi sababbi na alharini."

Fadawa suka yi dariya, suka ce Waziri ya yi gaskiya. Sarki bai sami hanyar ƙi a gaban jama'a ba, ya ce a yi. Da aka watse ya riƙe hannun Waziri, sai Waziri ya yi murmushi ya ce a hankali, "Me kake tsoro, ɗan'uwa? Ba ni ne mai ajiye faifai ba? Kore kullum yana hannun damanka. Ko ido rufe ka ɗaga."

Da sababbin suka zo, Sarki ya juya su a rana, ya juya su a inuwa, bai ga bambancin ko ƙwayar gero ba. Shakka ta taso masa, amma ya kore ta, don ba ya son zargi ya shiga tsakaninsa da Anaruwa. Aka yi shari'o'i bayan haka, dama tana ba da rai, hagu tana ba da mutuwa, komai yana tafiya daidai.

Sarki Tunau yana da mata mai suna Gwamma, wadda duk birnin ya san hannunta a ɗinkin hula. In ya tashi daga fada bayan la'asar, wurinta yakan nufa. Ya zauna a gefen tabarma, tana ɗinki, yana ba ta labarin rigimar yini, wani lokaci ma ba sa cewa komai, zaman ya ishe su. Tana da yaya mai suna Labaran, shi ne Sarkin Ƙofa. Mutum ne mai faɗin gaskiya ba gishiri, kuma a shekarar nan Sarki ya fara jin daɗin shawararsa, har sukan zagaya ganuwa tare.

Sai mahara suka shigo ta ƙofar yamma suka kore shanun gari. Aka sami mutum biyu suka ce sun ga Labaran ya buɗe musu. Sarki ya tambayi shaidun nan ɗaya bayan ɗaya, maganarsu ta ƙi haɗuwa. Ya je ƙofar da kansa, ya ga gara ce ta cinye sakata. Ya dawo ya sami Gwamma idonta ya kumbura, ya ce, "Share hawayenki, Gimbiya. Gobe yayanki a gidansa zai ci tuwo."

Ranar hukunci fada ta cika har waje. Aka kawo Labaran ya durƙusa. Waziri ya shigo da faifai a hannu biyu, ya sunkuya ya ajiye, bai ɗaga ido ba. Sarki ya dubi yayan matarsa, ya yi masa murmushi don ya kwantar masa da hankali, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙyallen dama, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

Ya jira guɗa. Guɗa ba ta zo ba.

Fada ta yi tsit, sai daga bayan labulen mata ya ji wani ɗan sauti, ba ihu ba, kamar an taka tsuntsu. Ya san muryar. Sankira ya buɗe baki ya ce, "Zaki ya ɗaga ja."

Murmushin yana nan a fuskar Sarki, ya rasa yadda zai sauke shi. Dogarai suka kama Labaran. Da suka kai shi bakin zaure ya waiwayo ya ce, "Har da murmushi, ranka ya daɗe?" Aka fita da shi.

Bayan azahar Sarki ya kira Waziri ɗakinsa na ganawa, ya sallami kowa. Zuciyarsa tana ta nema wa ɗan'uwansa uzuri, don haka ya ce, "Anaruwa, faifan ya juya a hannunka. Kuskure ne. Zo mu nemi mafita."

Waziri ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce, "Faifai bai juya ba."

Sarki ya daɗe yana kallon sa. Fuskar da ya sani ce, har da ɗan tabon gira, amma kamar wani ne ya aro ta. Ya ce, "Me ya yi maka?"

"Shi? Ba komai. Mutumin kirki ne, sai dai baki. Kai ka yi mini."

"Ni?"

"Kai. Tun muna kan magarya nake cin ɗanye don ka ci nunanne. Ni ke zaɓa maka riga. Ni ke raɗa maka launin tutar abokan gaba. Maroƙa suna yi maka kirari da kaifin ido, ina tsaye a bayanka ina cewa amin. Ban taɓa ƙorafi ba. Sai ga shi bana ka sami sabon abokin yawo, mai gadin ƙofa, har na ji za ka ba shi sarautar Madawaki. A bakin bayi na ji, Tunau. Ko tambayata ba ka yi ba."

"Don wannan za a yanka mutum?"

"Don ka tuna da idon wa kake mulki." Waziri ya gyara rigarsa. "Hanya biyu ce. Ka yi shiru, Juma'a ta wuce, matarka ta yi kuka ta gaji, ka ci gaba da sarauta, ni in ci gaba da ajiye faifai. Ko kuwa ka fita ka ce ba ka gani, su tuɓe ka, ni in rantse yau na fara ji. Wa zai ƙaryata ni? Innar da ta raine mu tana kabari. Kuma ko an tuɓe ka, abin da hannun sarki ya ɗaga ba ya sauka."

Sarki ya ce, "Nonon da muka sha fa?"

Waziri ya miƙe ya ce, "Nawa ne. Kai ɗora ka aka yi a kai." Ya faɗi gaisuwa kamar yadda ya saba, ya fita.

Sarki ya zauna shi kaɗai har inuwa ta juya. Abin da ya fi ci masa rai ba barazanar ba ce. Tunawa ya yi ta yi da duk ranar da Anaruwa ya taimake shi, yana juya ta kamar yadda ya juya ƙyallayen nan, ya kasa gane wacce ƙauna ce, wacce ajiya ce don ranar cutar da shi. Da ya gaji, ya tashi ya nufi sashen Gwamma.

Ya same ta zaune gaban kwandon zarenta, ba ta ɗinki. Da ta gan shi ta sauka daga tabarma, ta durƙusa can nesa, ta yi masa cikakkiyar gaisuwar fada kamar baƙuwa. Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da ka ce mini ba za ka iya ba, da na yi haƙuri. Sarauta tana da abin da mata ba su sani ba. Amma ka yi mini alkawari, ka kuma dube shi ka yi murmushi. Wannan ne na kasa haɗiyewa."

Sarki ya tsuguna gaban kwandon, ya ɗebo ƙullin zare biyu, ya ɗora a tafin hannunsa. Ya ce, "Wanne ne ja?"

"Yau ranar wasa ce?"

"Ban sani ba, Gwamma. Ban taɓa sani ba."

Ya faɗa mata komai, tun daga magarya har maganar Waziri ta ɗazu. Tana ji, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ɗaga ido ta dubi kansa ta ce, "Hular nan da ke ƙarƙashin rawaninka, damina guda na yi ina neman koren da zai dace da fatarka. Ka ce ba ka taɓa ganin kore mai kyau irinsa ba."

"Na ga kina murna. Murnar na yaba."

"Waziri ka ba amanar idonka, ni ka ba ni yabo." Ta kau da kai, hawaye yana zuba. "Kullum nan kake zama. Shekara nawa ina shimfiɗa maka zare ina cewa zaɓi, kana nunawa, ina jin daɗi wai mijina yana da ido. Ashe ni kaɗai nake hirar."

 Can sai ya ga ta daskare, ta sa hannu ta rufe baki.

Ta ce, "Ni na zaɓi alharinin."

"Wane alharini?"

"Na faifan. Waziri ne ya aiko mini jakadiya, wai babu mai ido kamar nawa. Ya ce kada ɗaya ya fi ɗaya nauyi, don kada a ce fada ta karkata ga kisa ko ga afuwa. Maganar ta yi mini daɗi. Na yi ta gwadawa. In shimfiɗa su a inuwa, in ja da baya, in runtse ido har launi ya gudu, duhu da haske kaɗai su rage. In ɗaya ya fi fitowa, in canza shi. Sai da suka narke cikin juna na ce na gama. Abin da duk mai ɗinki take gudu ke nan, ranka ya daɗe. Ba a ɗora zare a kan ƙyallen da duhunsu ya zo ɗaya, don daga nesa aikin ɓacewa yake. Ni kuwa da gangan na yi, ina alfahari. Da hannuna na ɗaure maka ido, na ɗaure wa Yaya wuya."

Sarki ya ce, "Gobe zan fita in faɗa wa jama'a. Su karɓi rawaninsu."

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ka faɗa, su tuɓe ka, shi ya rantse bai sani ba, Yaya ya mutu duk da haka. Ba daga bakinka ya kamata ta fito ba. Daga nasa."

"Me zai sa ya faɗa?"

Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun shigowarsa. "Shi Wazirin, ya taɓa durƙusawa a gaban faifan nan?"

Sarki ya gane abin da take nufi, ya kuma gane abin da hakan zai jawo masa. Ya ce, "Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, sarautar ta tafi."

Ta ce, "Na sani. Ban ce ka yi don ni ba."

Ya ce, "Ba don ke kaɗai ba ne."

Ranar Alhamis, ana cikin zaman fada, sai Gwamma ta fito daga bayan labule lulluɓe da mayafi, ta durƙusa inda talakawa ke durƙusawa. Ta ce tana ƙarar Waziri Anaruwa, cewa shi ya ƙulla makircin zubar da jinin yayanta. A al'adar ƙasar, ƙarar jini ba a korar ta, kuma a faifai take ƙarewa, ko wa aka yi ƙara.

Waziri bai girgiza ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ciwon rai ne ke magana, ba Gimbiya ba. Ina shaidunta?" Ba ta da ko ɗaya. Ya waiwaya ya yi wa fadawa murmushi, ya miƙa hannu a ba shi faifai.

Sai tsohon Galadima, shugaban masu zaɓen sarki, ya yi gyaran murya ya ce, "A'a, Waziri. Wanda ake ƙara ba ya taɓa faifai. Sauko ƙasa." Ya juya ga Sarki ya ce, "Zaki, ni ban taɓa jerawa ba. Yaya ake yi?"

Sarki ya ce, "Jera su yadda Waziri ya jera ranar shari'ar Labaran, kada a ce an canza masa wani abu."

Galadima ya matso da su kusa da idonsa, ya sa ja a dama, kore a hagu, ya ajiye. Waziri ya durƙusa. 

Sarki ya ce, "Jama'a, bakin sarki ba ya furta kisa, amma ba a hana shi furta rai ba. Ba a kawo shaida a kan Waziri ba. Tare muka tashi. Ku shaida, ina so ya rayu."

Fadawa suka ce, "Zaki ya yi adalci."

Waziri ya kafa wa Sarki ido, yana karkatar da ƙwayar idonsa hagu, hagu, irin alamar da suka saba tun suna yara. Sarki ya gani sarai. Ya yi masa murmushi irin wanda ya yi wa Labaran, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙyallen dama, ya ɗaga shi sama. A zuciyarsa yana roƙon Allah ya sa mutumin nan ya fi son ransa a kan ƙiyayyarsa.

Fada ta ruɗe. Sankira ya dubi Galadima, ya dubi ƙyallen, ya ce, "Zaki ya ɗaga ja."

Dogarai suka taso. Hannunsu na sauka a kafaɗar Waziri ya fizge, ya miƙe tsaye ya kwarara ihu, "Wannan ba hukunci ba ne! Ba ku ji ya ce rai ba? Ba ya gani! Sarkinku ba ya raba ja da kore!"

Galadima ya ɗaga sanda, aka yi shiru. Ya ce, "Babbar magana, Waziri. Wanda hauni ke jira yakan faɗi komai. Ta yaya ka sani?"

"Tun muna yara na sani! Ku gwada shi yanzu!"

"In ba ya gani, da me yake hukunci tun da aka kawo sababbin ƙyallaye?"

"Da ni! Ni na ce masa kore yana dama. Ni nake ajiye masa, shi ɗagawa kawai yake yi!"

Galadima ya gyaɗa kai a hankali, ya nuna faifan da sandarsa. Ya ce, "To ranar Labaran, me ka ajiye a dama?"

 Waziri ya dubi faifan, inda koren yake kwance a hagu shi kaɗai. Duk wanda ke zauren ya dubi wurin tare da shi.

Galadima ya juya ga Sarki ya ce, "Zaki, gaskiya ne?"

Sarki ya sauke ƙyallen. Ya sa hannu ya warware rawaninsa da kansa, ya naɗe shi ya ɗora a kan faifan. Ya ce, "Gaskiya ne, Baba Galadima. Na ɓoye muku, na ɗora ran mutane a kan maganar mutum ɗaya. Ga kayanku. Abu ɗaya nake roƙo, a fito da Labaran."

Galadima ya ce, "Wannan ba sai an roƙa ba. Abin da hannun sarki ya ɗaga ne ba ya sauka. Na ranar nan kuwa hannun Waziri ne ya ɗaga, ya ari naka." Aka je aka kwance Labaran. Gwamma ta kifa goshinta a ƙasa, tana kuka.

Masu zaɓen sarki suka shiga soro suka rufe ƙofa. Tunau ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ba rawani, yana jin idon mutane a kansa. Ya yi mamaki da ya ji kansa ya yi sauƙi.

Da suka fito, Galadima bai fara da hukunci ba. Ya sa aka rataye ƙyallayen biyu a can ƙarshen zaure, cikin inuwa, ya ce wa dattawan da ke tare da shi kowa ya nuna ja. Wani ya nuna dama, wani ya nuna hagu, wani ya ce a matso da su tukuna. Jama'a suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Galadima ya ce, "Ku yi dariya. Ni kaina, tun da aka kawo su, in ba sankira ya faɗa ba ban san wanne aka ɗaga ba, kunya ce ta hana ni magana. Ku na bayan zaure kuna ganewa?" Aka amsa daga baya, "Ba ma ganewa!" Ya ce, "To in aibin ido ne, sai a tuɓe mu gaba ɗaya. Mun duba shekarun mutumin nan. Muddin ƙyallaye sun bambanta, bai taɓa kuskure ba. Kuskure ya shigo ranar da aka daidaita su. Alamar da rai ya rataya a kanta ba a yin ta don kyau. Ana yin ta ne don tsoho ya gane, na nesa ya gane, mai hawaye a ido ya gane. Laifin ɓoyewa yana kansa, mun kuma faɗa masa. Amma wanda ya ajiye rawani don ran talakansa, ba mu ga wanda za mu ba rawanin ba in ba shi ba."

Labaran, da sawun igiya a wuyan hannunsa, ya ce, "Ni da aka kusa yankawa na yarda. Sai dai don Allah a daina yi wa mutane murmushi kafin hukunci." Aka yi dariya sosai, har Sarki, ko da yake idonsa ya cika.

Aka mayar masa da rawani. Nan take aka yanke cewa daga ranar ƙyallen rai fari ne fat, na mutuwa baƙi ƙirin. Gwamma ta aika aka yanko farin yadi da turkuɗi mai duhun shuni, ba ado, ba alharini. Galadima ya ɗora su a faifai, ya ajiye gaban Sarki, aka sake durƙusar da Anaruwa, domin jan da aka ɗaga ɗazu bai zama hukunci ba, yanzu kuwa akwai shaida, daga bakinsa ta fito.

Sarki ya dubi faifan. Karo na farko a rayuwarsa ga rai ga mutuwa a gabansa, kowanne da fuskarsa, ba mai raɗa masa, ba kuma wanda zai ɗora wa laifi. Hannunsa ya tsaya a kan baƙin, ya daɗe, har na bayan zaure suka ga inda ya tsaya. Sannan ya matsa ya ɗaga fari.

Ba a jira sankira ba, kowa ya gani.

Sarki ya ce, "Ba a zubar da jini ba, ba zan zubar ba. Amma a tuɓe masa rawani, kuma kada rana ta faɗi yana cikin ganuwata."

Dogarai suka warware rawanin. Anaruwa ya miƙe da ƙyar, kamar ya tsufa a wuni ɗaya. Da ya kai tsakiyar zaure ya tsaya, ya juyo, ya kira shi da sunan da ba mai kiran sa da shi a fada.

"Tunau. Wa zai zama idonka?"

Sarki ya ji kiran har cikin ƙashinsa. Ya ce, "Duk wanda na tambaya."

Aka fita da shi, ba a ƙara jin labarinsa ba. Sarki Tunau ya daɗe a kan mulki, ƙasa ta zauna lafiya. In aka kawo abin da bai gane launinsa ba, sai ya tambaya da ƙarfi a gaban kowa, na kusa ya amsa, a wuce wurin. An ce dai kujerar Waziri ta shekara ba kowa a kanta, kuma ko bayan an naɗa wani, Sarki bai ƙara kiran kowa ɗan'uwa ba.

Nan hikayar ta tsaya. Allah ya tsare mu daga cutar wanda ya san inda muke da rauni.